Yadda Ake Ceto Tsohon Soro Kafin Damina Ta Ci Shi

Ginin ƙasa yana iya kai shekaru ɗaruruwa. Gidan Makama da ke Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, a ƙarni na 15, kuma har gobe ana shiga zaurukansa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an fara ɗaga ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, tana nan tsaye, ita ce ma jigon tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Da ƙasa da ciyawa da itace aka yi su, irin kayan da aka gina gidan kakanka. Bambancin kawai shi ne su ana kai musu hannu a kai a kai. Abin da ke kada soro ruwa ne, ko ta sama ko ta ƙasa, sai kuma gyaran ganganci wanda ke kulle ruwan a cikin bango. Saboda haka duk matakan da ke tafe, tsarinsu ɗaya ne: a fara da hanyar ruwa, ado ya zo a ƙarshe.

Bayanin na wanda ya gaji tsohon gida ne a cikin birni, ko Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Birnin Damagaram, yana son zaure ko soron da ya taras ya ci gaba da tsayuwa.

Mataki na farko: ka san mai gida

Yawancin irin waɗannan gidaje na gado ne da ba a raba ba. Kafin ka sayi ko buhu ɗaya na makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake haɗa yaɓe da shi, tara magada a zauna, a yarda da abin da za a taɓa da abin da za a bari, da wanda zai riƙe kuɗi. Sau da yawa rigimar gado ta fi gara cin soro, domin kowa yana jiran a raba, babu mai hawa rufi. A sanar da mai unguwa, musamman in katangar ta haɗa da ta maƙwabci. In kuma ginin yana cikin waɗanda aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa, ko yana manne da ganuwa ko wata ƙofar gari, to a Najeriya sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979. A Kano ana iya fara tambaya a Gidan Makama, ko a Gidan Ɗan Hausa inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take.

Mataki na biyu: duba, kada ka taɓa komai tukuna

Mafi kyawun lokacin duba gini shi ne ana cikin damina, a watan Agusta, ruwa yana sauka ko ya ɗauke ke nan. A lokacin ne gini ke faɗa maka gaskiya. Ɗauki waya da littafi da fensir. Zana gidan a takarda ko da zanen bai yi kyau ba, ka ba kowane ɗaki da kowane bango lamba, sannan ka ɗauki hoton kowanne daga nesa da kuma kusa.

Fara daga waje. Tsaya ka ga inda ruwan indararo ke faɗuwa: yana zuba can nesa ne, ko yana bin jikin bango? Duba gindin katanga, daga ƙasa zuwa gwiwa. In ka ga wurin ya zaizaye ya yi kogo, ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, ko ƙasar tana marmashewa in ka shafa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa yana tafe da gishiri. Duba tsayin titi ko lungu: a unguwanni da yawa an yi ta zuba ƙasa da shara da kwalta har hanya ta fi daɓen zaure tudu, ruwan unguwa duk ya koma yana kwanciya a jikin gida. Nemo inda makewayi da masai da bututun famfo suke. Bangon da ke jingine da wurin wanka kusan kullum shi ne ke fara zama.

Sai ka shiga ciki ka ɗaga kai. Nemi tabon ruwa a rufi, da azarar da ta lanƙwasa, da hanyar gara mai kama da jijiya a jikin bango. Ƙwanƙwasa yaɓe da bayan yatsa. Inda ka ji ƙarar fanko, yaɓen ya rabu da bango. Azara kuma a soka mata ƙusa ko wuƙa a daidai inda ta shige cikin bango, domin a nan take ruɓewa alhali tsakiyarta tana nan garau.

Tsaga iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu ya fi komai muhimmanci a wannan mataki. Akwai ta fatar yaɓe, sirara masu rassa, waɗanda ba su da haɗari. Akwai kuma wadda ta ratsa bango har kana hango haske, ko ta tashi a kusurwa inda bango biyu suka haɗu, ko ta bi ƙafar bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da ke ɗauke da rufin ɗaki. Irin wannan, ja layi da fensir a inda ta tsaya sama da ƙasa, ka auna faɗinta, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ko ka liƙa ɗan yaɓe siriri ya haye ta. In bayan mako biyu ko wata guda liƙin ya tsage, ko tsagar ta wuce layin fensir, ginin yana motsi.

Mataki na uku: in yana motsi, a fitar da mutane

Wannan ba ya jiran taron magada. A ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, kuma an ba da labarin cewa an ga tsagar tun kafin ranar. A watan Satumba na 2024 kuma tsohon masallacin Birnin Damagaram ya zube bayan ruwan sama mai yawa. Rufin ƙasa da ya sha ruwa nauyinsa ba na wasa ba ne, kuma ba ya yin sallama. Da zarar ka ga tsaga tana buɗewa a rufi ko a baka, ko ƙasa tana zubowa daga sama ba tare da an taɓa ba, a kwashe mutane da kaya, a rufe ɗakin. A tokare azara da ƙarfafan itatuwa, a sa katako mai faɗi a ƙasansu da samansu don kada tokarar ta huda daɓe ko rufi. A lulluɓe saman da tamfol, a bar gefe a buɗe iska tana shiga. Sannan a kira magini, in da hali har da injiniya.

Mataki na huɗu: kore ruwa daga gindin gini

Wannan aikin ba ya bukatar gwani, kuma shi ne mafi arha. Kwashe ƙasa da juji da suka taru a jikin bango. Gyara ƙasar wurin ta yi gangare daga bango zuwa waje, aƙalla taku biyu, a daɓe ta. Yashe kwata. Bututun da ke yoyo a sauya shi, in kuma a cikin bango aka binne shi a fito da shi fili. Randa da tankin ruwa da wurin alwala a janye su daga jikin katanga. Tsiron cediya ko durumi da tsuntsaye suka shuka a kan rufi ko a tsaga, a yanke shi tun yana ƙarami, kada a fizge, domin saiwar tana tahowa da bango. A ƙarƙashin kowane indararo a ajiye faffaɗan dutse ko a zuba tsakuwa don kada ruwa ya yi tsalle ya koma wa gindin bango.

Daga nan sai haƙuri. Bango mai kauri yana ɗaukar watanni kafin ya bushe har ciki. Aikin gini na gaske daga bayan kaka yake farawa, wajen Nuwamba, a gama shi kafin hadarin farko.

Mataki na biyar: nemo magini da kayan aiki

Ba kowane birkila ne maginin ƙasa ba. Tambayi dattawan unguwa, ko a bi ta gidan Sarkin Magina inda sarautar take da rai. In an kawo maka mutum, kada ka tsaya a bakinsa, ce masa, "Baba, a kai ni in ga aikin da aka yi shekara uku ko huɗu da suka wuce." Aikin da ya ga damina uku shi ne shaida. Wanda ya fara da cewa a fasa a zuba bulo, ka sallame shi cikin mutunci.

Ƙasa ita ce gaba. Ƙa'ida ita ce a gyara da irin abin da aka gina. Mafi kyawun ƙasar gyara ita ce ta bangon da ya riga ya faɗi a gidan, in dai ba ta gindi ba ce mai gishiri. Wannan a kwashe ta a kai nesa. In za a sayo, a nemi jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, irin birji, ba baƙar ƙasar fadama ba wadda ke kumbura da ruwa ta tsattsage da rani, ba kuma ƙasar bola ba. Kududdufan da ke cikin birnin Kano yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gina unguwannin ne, amma yau ko an cike su ko sun zama matattarar ƙazanta, don haka daga bayan gari ake kawowa.

Kwaɓi ba a yin sa da gaggawa. A farfasa ƙasar, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa, wasu su ƙara da kashin doki ko na jaki. A tara ta a rufe ta kwana biyu ko uku, a sake jiƙawa a sake takawa. Ana maimaita haka har sai ta yi danƙo, ciyawar ta ruɓa ta saje. Masu kwangilar da ke kwaɓawa da safe su yaɓa da rana, aikinsu ne ke zubowa a ruwan farko. Daga wannan kwaɓin ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi kamar mako biyu har ya bushe ƙarau.

Kayan kare ruwa na gargajiya guda biyu ne. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta. A jiƙa ta, ruwan ya yi ja ya yi kauri, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, a kuma yayyafa a kan yaɓen. Laso ya fi ta ƙarfi da tsada. Ana yin sa da katsi, wato laka da ke kwantawa a gindin rijiyar rini irin ta marinar Ƙofar Mata, a busar a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwa mai yauƙi na dafara, wani tsiro mai yaɗo. Da shi ake shafe rufi, da rawani, wato gajeren bangon da ya kewaye bakin rufi, da zankwaye, wato tsinayen da ke saman soro. Yanzu da marina suka ragu katsi ya yi wuya, sai an yi oda tun da wuri.

Azara kuwa a nemi ta giginyar da ta ƙosa, mai duhu da nauyi, daga ɓangaren bayan itacen. Ita gara ba ta cika damunta ba. Farar azara mai taushi ta tsakiyar itace, ko a kyauta aka ba ka kada ka ɗora.

Kafin a taɓa bango, a yi gwaji: a shafa kwaɓi iri uku ko huɗu a wani ɓoyayyen wuri, kowanne faɗin tafi biyu, wani da ƙarin yashi, wani da ƙarin ciyawa. Bayan sun bushe, a watsa musu ruwa da buta. Wanda bai tsage ba, bai kuma narke ba, shi ne naka.

Mataki na shida: rufi

Daga sama ake farawa, domin duk abin da ka gyara a ƙasa rufi mai yoyo zai ɓata shi. Rufin soro hawa-hawa ne: azara, sannan zana ko asabari, sannan ƙasa, sannan shafe. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa duk shekara, har rufi ya ninka kaurinsa, azara ta gaza. A kankare tsohon shafen da ya mutu tukuna, a rage abin da aka tara, sannan a sa sabo. Mutum biyu sun isa a kan rufi a lokaci guda, kuma kada a jibge kwanukan ƙasa wuri ɗaya.

Azarar da ta ruɓe a sauya ta ɗaya bayan ɗaya, bayan an tokare na kusa da ita. Azara ba ta son a ba ta tazarar da ta wuce kamar mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don su rufe manyan zauruka. Waɗannan bakuna azara ce aka jera hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, aka ɗaure aka lulluɓe da ƙasa. In matsalar a cikinsu take, ba aikin yaran magini ba ne, gwanin da kansa zai tsaya. Kada kuma a bar mai haɗa wuta ya sassaƙa baka don ya binne waya, ko ya rataya fanka a tsakiyar tulluwa, wato rufin da ya yi tudu kamar ƙubba.

A gyara gangaren rufi yadda ko'ina zai kai ruwa bakin indararo, babu inda zai kwanta. A gwada da bokiti. Indararo ya zarce bango sosai, a liƙe wuyansa da laso, domin a nan yoyo ya fi farawa. Rawani da zankwaye su ne ruwa ke fara duka, a ba su shafe mai kauri.

Mataki na bakwai: siminti da gindin bango

A nan ne ake yawan gardama da 'yan'uwa. Kowa yana ganin filastar siminti ita ce gata. Shekara biyu ko uku na farko ginin zai yi kyau, daga nan siminti ya tsage, domin shi da ƙasa ba sa motsi tare. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, kamar mai gumi da aka sa wa rigar leda. Ƙasar da ke baya ta jiƙe ta narke, gara ta samu mafaka, kai kuwa kana ganin fuska lafiya lau har ranar da allon zai ɓallo gaba ɗaya. Haka fentin mai yake yi, haka tayil.

In an riga an yi, a cire shi, amma da dabara. A fara da inda ya yi fanko, a ɓamɓare kaɗan-kaɗan da kurfi da ƙaramar guduma, a bar wurin ya sha iska. Inda gindin bango ya yi kogo, kada a buɗe shi gaba ɗaya. A raba shi gaɓa-gaɓa, kowace kamar tsawon hannu, a gyara ta ɗaya a tsallake ta biyu, sai ta farko ta bushe a dawo. A kowace gaɓa a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a kai ga mai ƙarfi, a share, a yayyafa ruwa, a jera tubali da kwaɓi a cusa sosai har ya ɗauki nauyin da ke sama. Rami mai zurfi ba a cika shi da kwaɓi zalla a tashi ɗaya, zai ja ya rabu.

Babbar tsagar da ta daina motsi ana ɗinke ta: a sassaƙa gurbi a gicciye, a kwantar da guntun azara ya haye ɓangarorin biyu, a yi haka hawa-hawa, sannan a cike. In ba ta daina ba, to ba a gano sanadin ba, a koma mataki na huɗu. Inda aka ga gara, a bi hanyarta har gidanta a haƙe, a kuma kwashe duk wani itace ko kara da ke jingine da bango.

Mataki na takwas: yaɓe da zayyana

A jiƙa bango kaɗan, a yaɓa da hannu, shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya sha iska kafin na gaba. Iskar hunturu tana busar da yaɓe da sauri har ya tsage, don haka a yi aikin da safe ko da yamma, a rataya buhu ko tabarma a yi masa inuwa. Ɓangaren gabas, inda hadari ya fi dukan gini a ƙasar Hausa, shi ya fi bukatar makuba.

Zayyanar da ke fuskar zaure, dagi ne ko takobi ko wani zane, kafin a kusance ta a ɗauki hotonta da safe lokacin da rana ke fitar da inuwarta, a kuma ɗora farar leda a kwafe ta da alƙalami. Abin da ya rage na asali a bar shi, a liƙe gefensa kawai. Inda ya ɓace a mayar bisa hoto, in babu hoto a bar wurin a shafe. Ni dai a ganina gara fili da zanen da magini ya ƙago jiya a ce na kakanni ne. A ciki a shafa farar ƙasa, tana barin bango ya yi numfashi. Tsohon ƙyaure a goge shi a shafa masa mai, kada a musanya shi da na ƙarfe don kawai an samu kuɗi.

Maganar rufin kwano

Za a kawo ta, don haka gara a yi ta. Kwano yana ɓata siffar soro, yana kawo zafi, kuma garin kafa shi ake sare zankwaye. Amma gidan da babu mai hawa rufinsa duk shekara, kwano ya fi masa rushewa. In ya zama dole, a yi shi kamar rumfa a saman rufin ƙasar ba tare da an cire ta ba, nauyinsa ya sauka a kan bango, kada ya taɓa tulluwa, bakinsa ya zarce sosai, a bar iska tana ratsawa tsakani. A yi shi yadda wani zai iya kwance shi nan gaba ya taras da soron yadda yake.

Abin da za a riƙa yi kowace shekara

A Djenne ta ƙasar Mali, gari guda ke fitowa rana ɗaya a shekara a yaɓe babban masallacinsu. Gida ɗaya ba ya bukatar gayya irin wannan, magini da yara biyu sun isa. A watan Maris ko Afrilu a hau rufi a share, a toshe tsaga, a zuba ruwa a kowane indararo a ga yana fita. Bayan ruwan farko a sake hawa, domin shi ke tona inda aka manta. A tsakiyar damina a riƙa cire ciyawar da ta tsiro a sama, a duba gindin bango bayan kowane babban ruwa. In yoyo ya ɓullo a Agusta, a toshe da kwaɓi a rufe da tamfol, a sa alama a littafi, babban gyara ya jira rani. Makuba da laso kuma a sabunta su da zarar an ga sun fara kwailewa, a rubuta shekarar da aka yi da sunan maginin da inda aka samo ƙasar, a ajiye littafin wurin wanda magada suka yarda da shi.